Onarabul na Zaman Gwaji

Duk wanda ya yi aiki a majalisar dokoki a waɗannan shekarun ya san Onarabul, ko da yake mutumin bai taɓa tsayawa takarar ko da shugabancin layinsu ba. Siriri ne, mai dogon wuya da maƙogwaro a waje, in ya ba ka baya sai ka ce iska za ta kwashe shi. Amma Allah ya zuba masa murya. Mahaifinsa ɗan kamasho ne a tashar mota, a bakin motoci ya tashi yana taya tsoho kiran fasinja, har ya zama in ya buɗe baki a wannan ƙofar tasha ana jin sa a waccan. Da ya gama sakandare da ƙyar da jiɓin goshi, wani direba maƙwabcinsu ya sama masa aiki a sashen bita na majalisa. Aikin ba wani mai wuya ba ne. Ya jera kujeru, ya jona lasifika, ya ajiye robar ruwa a gaban kowace kujera, in an tashi ya kwashe.

Sashen bita shi ke karɓar sababbin 'yan majalisa bayan kowane zaɓe. Ana tara su a ƙaramin zaure na tsawon mako, a koya musu abin da ƙuri'a ba ta koyarwa: yadda ake neman izinin magana, yadda ake cewa mai girma Kakaki kafin a ce komai, yadda ake gabatar da ƙudiri a sami mai goya masa baya, yadda ake yi masa gyara, da yadda ake kaɗa ƙuri'ar murya, masu e su ce e, masu a'a su ce a'a. Ranar ƙarshe sai a yi zaman gwaji, a ɗora ɗaya daga cikinsu a kujerar Kakaki, a ba shi guduma, a yi kamar da gaske.

Daraktan sashen gajeren mutum ne mai tabarau, ya fi son yabo a kan abinci. Abin da ke ci masa rai shi ne, da an ci abincin rana rabin zauren sai gyangyaɗi, sauran kuma kowa kansa na kan waya. Wata rana ya ji mai jera kujeru yana kiran wani masinja daga ƙarshen baranda, har gilashin taga ya amsa. Ya tsaya ya dube shi sama da ƙasa, ya sa aka ɗauko wata tsohuwar kwat da wani ɗan majalisa ya manta a ofis, aka sa masa. Ya ce daga yau a zaman gwaji shi ne ɗan majalisa mai taurin kai. Ya katse duk mai magana, ya ƙi zama in an ce ya zauna, ya yi ta hayaniya har Kakaki ya ba da umarnin a fitar da shi, don sababbi su ga yadda ake yi.

Ranar farko zauren ya kusa tsagewa don dariya. Ya buga tebur, ya kira Kakaki ɗan amshin shata, masu gadi suka ɗauke shi cak ƙafafunsa na wutsil-wutsil a sama. A waje wani babban ɗan kasuwa da ya ci zaɓe ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Onarabul, ka iya." Sunan ya bi shi daga nan. Bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Mutanen da ko kallonsa ba sa yi in yana ajiye musu ruwa, yau su ne suka zuba masa ido.

Labarin ya bazu, aka riƙa aron sa. Bitar kansiloli, bitar shugabannin ɗalibai, bitar tunatarwa ta tsakiyar zango, duk sai an ce a zo da Onarabul. Sannu a hankali fitarwar ta ƙara zafi, don mahalarta sun daina barin masu gadi su kaɗai. Wannan ya jefe shi da robar ruwa, wancan ya kai masa rankwashi a hanya. Wata shekara aka goce masa kafaɗa, wata aka fasa masa leɓe a jikin ƙofa. Darakta ya ce ai haka ake so, abin ya yi kama da gaske. Shi kuwa Onarabul sai ya shafa man zafi ya yi dariya, gobe ya ba masu gadi labari kamar ba su ne suka ɗauke shi ba.

Da abin ya tsaya a wurin aiki da da sauƙi. Sai ya kai shi gida.

Matarsa tela ce, kekenta na gefen falo kusa da taga, mace mai sanyin magana wadda ba ta iya gardama ba. Da farko wasa ne. In ta fara magana ana cin abinci sai ya buga cokali a kwano ya ce ba a ba ta dama ba, yara su yi dariya, ita ma ta yi murmushi. Daga baya murmushin ya ƙare amma cokalin bai daina ba. In ta kawo zancen rufin ɗaki da ke yoyo, ya ce ƙudirinta bai sami goyon baya ba. In babbar 'yarsu ta ce tana so ta karanci aikin jinya, ya ce an jingine maganar har sai baba ta gani. Ya fi jin daɗin yin haka in akwai baƙi, don dariyar ta fi yawa. Abin da aka yi masa a zaure da rana, shi yake saukewa a kan tabarmar gidansa, kuma a ransa gani yake raha ce kawai.

A lokacin akwai ƙanin matar a gidan, wanda suke kira Auta. Bayan rasuwar mahaifiyarsu ta ɗauko shi don ya ƙarasa makaranta. Saurayi ne mai shiru, mai cin abinci da yawa, kuma ba ya dariya in Onarabul ya yi barkwanci. Wannan na ƙarshen shi ya fi ƙona wa maigidan rai.

Wata Asabar abokan aikinsa suka zo cin abincin rana. Matar ta shigo da kwanuka, ta ɗan sa baki a hirar da ake yi, sai ya buga cokali ya ce ta koma kujerarta, wa ya kira sunanta. Abokan suka kwashe da dariya. Auta yana zaune a bakin ƙofa yana wanke kekensa na hawa, ya ɗago ya ce a hankali, "Yaya, ai gidanta ne."

Onarabul ya miƙe tsaye. Ya ce an ci mutuncin Kakaki a gaban majalisa, don haka ya gabatar da ƙudirin a fitar da wannan yaro daga zaure. Wani masinja, bakinsa cike da abinci, ya ce ya goyi baya. Masu e su ce e. Suka ce e suna tafa hannu, a zatonsu wasa ne. Sai suka ga ya je ya cafko kwalar yaron, ya ce rigar nan shi ya saya, kayan gidan nan ce, a tuɓe. Takalman ma nasa ne tsofaffi, a ajiye. Ya tura shi titi da singileti, ƙafa ba takalmi, da tsakar rana kwalta na tafasa, ya maida ƙofa ya sa sakata. Dariyar ta mutu, amma ba wanda ya tashi. Matar tana tsaye da murfin tukunya a hannu. Ta ajiye murfin, ta je ta zauna a keke ta fara ɗinki. Daga ranar in ya tambaye ta abu tana amsawa, amma ba ta ƙara fara masa zance ba. Shi ya ɗauka ladabi ne ya ƙaru.

Shekaru suka shuɗe. Yana ɗan jin labarin Auta sama-sama: wai yana dako a kasuwar kayan gini, wai ya zama magatakardan 'yan dako, wai ya buɗe shago, wai 'yan kasuwa sun zaɓe shi shugaba. Matar ba ta taɓa ambatar sunansa a gidan ba, shi ma bai tambaya ba. Sai wata safiya a hanyar aiki ya ga fuskar yaron a jikin bango, ta yi ƙiba, tana murmushi a kan fastar takara. Da sakamako ya fito, sunansa na cikin waɗanda za a yi wa bita.

Makon bitar Onarabul ya shiga zaure yana ɗari-ɗari. Ya yi furfura a lokacin, kafaɗar da aka goce tana damun sa in ya ɗaga kujera. Yana cikin ajiye ruwa a layin gaba sai ya ji an ce, "Yaya, ina kwana." Auta ne, har da ɗan rusunawa. Ya tambayi gida, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi ruwan da hannu biyu. Hankalin Onarabul ya kwanta. Kafin azahar ya gama gaya wa masu gadi cewa wancan na gaba ƙanin matarsa ne, a hannunsa ya tashi, shi ya koya masa ƙa'ida tun yana ƙarami.

Auta ya zama ɗalibin da Darakta bai taɓa samun irinsa ba. Ba ya gyangyaɗi, ba ya taɓa waya. Tambayoyinsa duk a kan abu guda suke: sau nawa za a iya yi wa ƙudiri gyara, shin dole ne Kakaki ya fitar da mai laifi ko yana iya miƙa wa zaure ya yanke hukunci, shin wanda ake magana a kansa yana da damar barin wurin kafin a gama. Darakta ya riƙa amsawa yana washe baki. Da aka zo zaɓen wanda zai hau kujerar Kakaki, ba a ma yi shawara ba.

Ranar zaman gwaji Onarabul ya sa kwat ɗinsa, ya zauna a layin baya kamar kullum. Ana tsakiyar muhawara a kan wani ƙudirin gyaran magudanan ruwa ya miƙe ya saki murya. Ya buga tebur, ya ce ƙarya ake yi, ya ƙi zama. Zauren ya ɗauki dariya, wayoyi suka tashi sama. Masu gadi suka matso suna jiran umarni, shi ma ya riga ya saki jikinsa yadda ɗauka ba za ta taɓa kafaɗar ba.

Auta ya buga guduma sau ɗaya. Ya ce ba zai fitar da mai girma ɗan majalisa ba. Ya ce a kawo shi gaban zaure ya tsaya, majalisa ce za ta yanke abin da ya dace da shi, kuma ƙofa a buɗe take ga duk mai ƙudiri.

Mutanen da suka yi mako suna haddar ƙa'ida ba su sami inda za su gwada ta ba, sai ga dama ta faɗo musu. Wani tsohon shugaban makaranta ya nemi izini yadda aka koya masa, ya gabatar da ƙudirin mai laifi ya nemi gafarar zaure. Wani ya goyi baya. Wani ya kawo gyara, a ƙara kalmar a durƙushe. Aka yi muhawara a kan gyaran, aka kaɗa ƙuri'a, masu e suka yi rinjaye. Onarabul ya durƙusa a kan tayil yana ƙara gishiri, yana murguɗa baki, don har lokacin gani yake wasan ne ya sami sabon salo. Ya nemi gafara. Wani ya ce ba a ji ba, a maimaita, aka kaɗa ƙuri'a a kan wannan ma.

Sai Kakaki ya ce yana so ya ja hankalin zaure a kan wani abu. An shaida masa cewa kwat ɗin da ke jikin mai laifi ba tasa ba ce, kayan majalisa ce. Ko akwai mai ƙudiri?

A nan ne Onarabul ya ɗaga kai ya dubi fuskar da ke kan kujera. Babu fushi a cikinta, babu dariya. Ya gane. Ya juya wajen Darakta, ya tarar da shi a gefe yana gyaɗa kai kamar manomin da ya ga shukarsa ta fito.

Aka tuɓe kwat. Wani ya ce rigar ciki ma akwai tambarin sashen bita a aljihunta, gaskiya ne kuwa, rabon ma'aikata ce. Aka yi gyara, aka goyi baya, aka tuɓe. Takalma suka biyo baya, ba don wani dalili ba sai don wani matashi daga layin tsakiya yana so ya gwada yi wa gyara gyara. Ya rage daga shi sai wando da wata singileti da ta sha wanki har ta yi huji a ƙirji, haƙarƙarinsa a waje, safarsa ɗaya babban yatsa ya leƙo. Sanyin na'urar sanyaya ɗaki na dukan bayansa. Gwiwoyinsa sun yi tsami a kan tayil. Ya yi yunƙurin tashi, guduma ta sauka, aka tuna masa ba a gama da batunsa ba.

Mace ɗaya ce ta miƙe, wata ungozoma da ta ci zaɓe daga bayan gari. Ta ce wannan ba daidai ba ne, dattijo ne, ya isa haka. Darakta ya yi maza ya ɗauki makirufo, ya ce madalla, ga misali mai kyau na kuskuren da sababbi ke yi. Ba ta nemi izini ba, ba ta ce mai girma Kakaki ba, ba ta faɗi ƙa'idar da take dogaro da ita ba. Ya sa ta zauna ta sake daga farko. Ta sake, ta yi tuntuɓe, ya gyara mata, ta sake. Kafin ta daidaita jimlarta an riga an kaɗa ƙuri'ar Onarabul ya zagaya zauren yana gaida kowane layi. Ta kwashi jakarta ta fita.

Ya zagaya. Mutumin da ake jin muryarsa daga ƙarshen baranda, ranar nan sai da na kusa suka kasa kunne kafin su ji gaisuwarsa. Da ya dawo gaba, Auta ya gode wa zaure, ya ɗage zama, aka yi tafi mai tsawo. Darakta ya ce a duk shekarunsa bai taɓa ganin ajin da ya gwada kowace ƙa'ida a zama ɗaya ba. A bakin ƙofa Auta ya tsaya kusa da shi yana gyara hannun riga, ya ce, "Yaya, a gaida gida."

Kafin motar haya ta kai shi unguwa bidiyon ya riga shi isa. Masu shago suka bi shi da ido, yara suka biyo shi suna cewa masu e su ce e. Ya shiga gida ya tarar da matarsa a kan keke, wayarta a kife a kan yadi. Ya tsaya a tsakar falo yana jira ta yi kuka, ko ta zagi ƙaninta, ko ma ta yi masa dariya ya sami abin kamawa. Ta ce abincinsa na cikin kula. Ya ce ta ga abin da ɗan'uwanta ya yi masa? Ta cire fil daga bakinta ta ce, "Na gani. Ai ba su tura ka kan kwalta ba." Ta ci gaba da taka keke.

Bai je aiki ba har kusan mako. Da ya koma, Darakta ya kira shi ofis, ya ba shi kujera a karo na farko. Ya ce ya yi tunani, ba sai an ƙara wahalar da shi ba, bidiyon ya wadatar, shi za a riƙa nuna wa kowane aji. Onarabul ya koma jera kujeru. Sai dai jona na'urar nuna hoto ma aikinsa ne, don haka duk bita shi yake kunna kansa a bango, ya tsaya a gefe riƙe da waya har a gama, ya ji dariyar sababbin mutane, wasu su waigo su ce au, ashe shi ne.

A gida cokali ya daina bugun kwano, amma ba wanda ya lura da ranar da ya daina. Babbar 'yar ta shiga makarantar jinya, kawunta ne ya tsaya mata, uban a bakin maƙwabta ya ji. Aka gyara rufin ɗaki wata rana yana wurin aiki. In ya shigo ana hira sai a sassauta, a gaishe shi da ladabi, a jira ya wuce ɗaki. Wani lokaci yakan zauna a cikinsu ya jefa zance, a ce haka ne Baba, shi ke nan. Ba tsoronsa suke ji ba. Sun daɗe da koyon yin rayuwarsu ba tare da shi ba, kuma ba su ga dalilin sakewa ba. Auta ya yi zangonsa a majalisa, ya sake cin zaɓe, an ce ba shi da laifi a wajen aiki. Duk sanda suka haɗu a baranda sai ya rusuna ya gaishe shi.

Ranar da ya yi ritaya sashen ya haɗa ɗan ƙaramin biki, da lemon kwalba da biskit. Darakta ya riga ya bar aiki, wata matashiya ce a kujerarsa, ta yi jawabi ta ce sashen ba zai manta da gudummawarsa ba. Aka ba shi fanka mai tsayuwa a cikin kwali. Ya rungume ta a motar haya, fasinjoji na tsaki don ta tokare musu gwiwa, ya sauka ya ɗauke ta a kafaɗar da ba ta ciwo har gida. Ya zauna a tsakar falo ya haɗa ta da kansa, ya jona, ta kama juyawa. Matarsa ta dube ta, ta ce ta yi kyau. Ta ce dama ɗakin da ta mayar shagon ɗinki yana da zafi, 'yan koyo suna ta ƙorafi. Ta kira ɗaya daga cikinsu ta zo ta ɗauka. Ya ce to, a kula da wayar, gajera ce.